Ƙarfe Mai Saurin Hawaye

Mahasin ta dawo daga Hartum
da riguna biyu a jaka
da wani inji a kwali, naɗe cikin bargo
kamar jaririn da aka gudo da shi.
Ta girke shi a tsohuwar maƙerata,
inda zugazugi ya shekara tara bai ja numfashi ba.

Na ce, me yake ci?
Ta ce, zaren roba da hasken rana.
Me yake haifa?
Ta ce, Kaka, faɗa mini abin da ka rasa.

Tambayar yarinta ke nan.
Ɗan tamanin in ya fara lissafin asara
magariba za ta riske shi bai wuce haƙoransa ba.
Sai na zaɓi ƙarami:
zoben ubana, Tukur Maƙeri,
da ya tako da shi tun daga Haɗeja,
damina huɗu a hanya, a yi noma a ƙara gaba,
har Mai Wurno ta riƙe masa ƙafa.
Ni na yar da shi a Nilu
ina wanke baƙin gawayi,
ruwa ya zare shi ba ko sallama.

Ta zana a gilashi, ina gyara mata.
A'a, kan ya fi haka faɗi.
Akwai tsaga a gefe, inda masaba ta taɓa kuskure.
Ta ce, a bar tsagar? Na ce, ai ita ce zoben.

Dare guda injin yana zirga-zirga,
yana ɗora zare bisa zare kamar zanzaro na gini.
Da asuba ga mazubi, ɓari biyu,
fari fat, ba yumɓu, ba kashin jaki, ba kakin zuma.
Na yi dariya har da tari.
Roba? Ki kai roba gaban wuta?

Ashe ƙarfen nata rago ne,
ɗan'uwan kuza, mai saurin hawaye.
A gwangwanin madara ta narka shi
kan murhun da ake dafa mini jabana.
Ni da na saba lallashin baƙin ƙarfe
da buhun gawayi da gumin yara biyu,
ga wannan ya saki jiki kafin kofi ya tafasa.

Ta barbaɗa hodar jarirai a ciki,
ta ɗaure ɓarin da robar tayar keke,
ta zuba.
Muka jira. Akuya ta leƙo ta tafi.
Da ta buɗe, rabin zobe ne,
kamar watan kwana biyar.

Ta sake. Rabi.
Ta sake. Ta zauna a ƙasa ta yi tagumi,
kuma na san ba zoben kaɗai take kallo ba.

Na karɓi mazubin, na juya shi a tafina.
Na ce, ke, baƙo ba ya shiga ɗaki
sai na ciki ya sami ƙofar fita.
Ina hanyar iska?
Ta dube ni.
Na sa ta ɗauko basilla, ta ɗora a garwashi,
don hannuna rawa yake yanzu.
Nan, na ce. Da nan.
Huji biyu, ba su kai ƙwayar dawa ba.

Na huɗu ya fito a rufe, da ɗuminsa.
Magagarina ya tashi daga barci,
ya share masa gemu.

Bai kai na Baba nauyi ba, ba zan yi ƙarya ba.
Haƙori ma zai iya yi masa tabo.
Amma tsagar tana nan.

Yanzu Ɗanjuma masunci ya ji labari,
yana son nauyin birgi guda arba'in kafin Talata,
kuma tana ta gardama da ni kan kuɗin.