Tafin Hannun Eusebio

A Cienfuegos, bayan rumfar masu sayar da kifi,
mahaifina ya ɗaga murfin Chevrolet shuɗiya,
wadda ta girme ni da shekara talatin,
ya tokare shi da kotar gatari.

Jiya Yoandri ya zare distiributa zai wanke,
ya mayar da ita baibai.
Da aka murza makulli
kabireta ta yi atishawar wuta,
ta babbake masa gira.
Muka fashe da dariya. Baba bai ji ba,
bakunanmu kawai ya gani a buɗe.

Shekara arba'in da kunne yake saita inji.
Ana kawo masa mota tun daga Cruces
don ya karkata kai, ya lumshe ido,
ya ce wannan wutarta ta riga ta isa,
waccan kuwa sai an tashi daga taro take zuwa.
Yanzu kunnen ya rufe kamar kantin da aka ƙulle.

Ya ce, Odalys, cire filogin farko.
Na cire.
Ya danna babban yatsansa a ramin,
na kama fanka ina juya injin a hankali,
bel yana kukan ƙyauren da ya tsufa,
har iska ta tunkuɗo yatsan.
Ya ɗaga gira: fistan ya hau ƙololuwa.
Na leƙa 'yar tagar da ke gindin inji,
na laluɓo alamar, na shafa mata alli.

Bakin rota ya dubi wayar farko.
Sauran na bi su da baki,
ɗaya, biyar, uku, shida, biyu, huɗu,
lissafin da na haddace tun ban iya ɗaura takalmi ba.

Ba mu da fitilar gwaji, ta mutu bara.
Ya yago takardar naɗin taba,
ya saƙale ta a bakin kwantak,
na sassauta kusa da sifana,
na murɗa distiributa kaɗan, ƙasa da kaurin farce,
har takardar ta suɓuce da kanta.
Nan ne, in ji shi. Kada ki ɗaure tukuna.

Ta tashi a bugu na biyu.
Sai ya shimfiɗa tafinsa a kan ƙarfen gefe,
kamar mai jin zazzaɓi a goshin yaro,
ni kuma na sa kunne.
Na matsa gaba, muryarta ta washe.
Na ƙara, don ina son ya ga na iya,
sai na ji ƙas-ƙas a can ciki,
kamar tsakuwa a gwangwani.
Ban kai ga buɗe baki ba
ya kaɗa kai.
Hannunsa ya riga kunnena ji.

Sauri kan haifi nawa.
Na koma baya da gashi guda.
Fetur ɗin bana ba ya son a gaggauta shi,
kuma in ka yi masa jinkiri
ruwa ya tafasa kafin ka kai gada.
Tsakanin biyun akwai wani ɗan wuri
da bai fi tsayin numfashi ba.

Muka hau da ita tudun hanyar Trinidad
a giya ta uku, tagogi a sauke,
shi a gefe, tafinsa a kan dashbod.
Ba tari, ba ƙas-ƙas.
A saman tudun ya ce in tsaya.
Ya miƙo mini sifana ta wajen mariƙi,
bai fito daga motar ba.

Na ɗaure kusar ni kaɗai,
injin yana hura mini zafi a fuska.
Da na rufe murfi na hango shi ta gilashi,
idonsa a lumshe,
kansa a karkace.