Bakin Gwangwani

Kakana Jidda maƙeri ne a Garwa,
fartanya da lauje ya iya, su ya gada,
har shekarar da tumatir ya cika bakin Binuwai,
kwando guda ya koma kuɗin goro,
manoma suka juye shi a kwari,
wurin ya yi ja kamar mahauta sun tashi.

Ya tsaya, ya toshe hanci, bai ce uffan ba.
Ya nufi inda matattun motoci ke kwana,
ya zaro haƙoran wata tsohuwar akori-kura,
da sarƙar keke, da ganga, da ƙarfen gado.
Wata bakwai zugazugi bai huta ba.

Injin farko ya niƙa, na biyu ya tace.
Na uku ne mai taurin kai,
wanda zai naɗe bakin gwangwani
kada iska ta sami ƙofa.

Arba'in ya rufe, ya jera a rumfa.
Daren sha biyu suka kumbura,
suka fashe ɗaya na bin ɗaya,
maƙwabta suka rantse jandarmomi ne ke harbi.
Da gari ya waye, bango ya sha miya har wuya.
An yi shekara ana masa dariya a mahauta.
Shi dai ya ce, "Wuta ce ta yi kaɗan,"
ya ƙara itace.

Babana Hamajoda ya gaje shi da yatsu tara,
na goman inji ya karɓe, ladan koyarwa.
Shi ya jawo lantarki,
ya ɗora injuna a mota zuwa Marwa da Mundu,
sunanmu a jikinsu da jan fenti.
Sai na ƙetare suka sauka a Duwala,
masu ƙyalli, masu araha.
Ma'aikata sha takwas suka koma uku.
Bai rufe ƙofa ba.
Ya juya ga gyaɗa, ga mangwaro, ga kifin Lagdo.

Yau littafin awo yana hannuna, ni Dudu,
shafukansa sun sha baƙin mai,
ajamin kaka a sama, lissafin baba a gefe,
nawa rubutun bai bushe ba tukuna.

Na ukun nan yana lungu, yana tari in an juya shi.
Kullum da safe, kafin yara su iso,
nakan ba shi gwangwani guda ya rufe,
in nutsa shi a bokitin ruwa,
in tsuguna, in zuba ido.

Ko kumfa ɗaya.