Ɗigo Biyu a Kan Jamuna

Shekara goma sha tara ke nan
ina duban kogin Jamuna daga inda shaho bai taɓa kaiwa ba.
Ofishina a Dhaka, hawa na huɗu, fanka na ƙugi,
tauraron ɗan'adam ya gifta duk kwana goma sha shida,
ya ajiye mini hoto, ya yi gaba, ba sallama.

Daga can sama kogin kitso ne da aka fara tsefewa,
kowace damina wani hannun ya sake kama shi.
Na koyi karatun launi:
ruwa baƙi, yashi fari fat,
shinkafa da rama ja wur, sai ka ce ƙasar aka yanka.

Ɗigo ɗaya a allona mita talatin ne.
Gidanmu na Chauhali bai cika ɗigo biyu ba.
Na nemo shi a hoton shekarar da na shiga aji uku,
ga kwanon rufinmu nan yana ɗan ƙyalli.
Na danna na gaba.
Baƙi.

Tsakanin dannawa biyun akwai daren da babana
ya kwance ɗaki kamar mai kwance ƙunshi,
ya ɗora ƙofa a kwale-kwale, ya ɗora mu a kan ƙofar.
Akuya ta yi ta kuka, uwata ba ta yi ba.
Babu wannan a hoto. Gajimare ya rufe watan kakaf.

Na auna gaɓa, na rubuta, an buga,
an tafa mini a garuruwan da kogunansu ke da ladabi.
Dakta Mahfuza, in ji su.
Sai dai tsoho Sobhan mai fito, ranar da na nuna masa taswira,
ya caka gora a laka, ya kasa kunne,
ya ce gaɓar nan ba za ta ga Juma'a ba.
Lissafina ya ba ta shekara biyu.
Laraba ta rufta.

Rani uku da suka wuce, fari ya ɓullo a tsakiyar baƙin.
Bara ya yi ja-ja. Wani ya shuka gyaɗa.
Kawu Joynal ya kira, murya na rawa:
ƙasarmu ta dawo, mutanen ƙetare sun ce tasu ce,
zo da hoton nan naki gaban alƙali.
Na je. Alƙali ya riƙe takardar kai a ƙasa,
ya tambaye ni ina iyakar take.

Da safe na haye, na bi na'ura taku-taku
har ta ce nan ne.
Ba mangwaron, ba rijiya, ba kushewar kakata,
ciyawa ce mai farin kai, da yashi mai ƙona tafi,
da wata yarinya riƙe da igiyar akuya
tana tambayata wa nake nema.

Goma da rabi ta yi, lokacin giftawarsa.
Na ɗaga kai, na tsaya cak kamar mai jiran a ɗauke shi,
alhali na san ban kai ɗigo ba.

Reshen gabas na matsowa, na gan shi tun watan jiya.
Damina huɗu, ko biyar in an yi sa'a.
Kawu ya riga ya sayi kwano.
Ban faɗa masa ba tukuna.