Buhu Goma Sha Ɗaya

Ranar da kasuwar Acida ta ci, bayan la'asar,
Arzika ya kawo buhunan da na ara masa bara,
goma sha ɗaya, a ninke, har da wanda ɓera ya huda.
Ya ƙirgo ɗari bakwai, kuɗin motar da ni kaina na manta.
Ya jingine kekensa a zaurena,
ya ce yaron nan nawa ai ya isa hawa.

Na ce, yau gādo ka ci?
Ya yi dariya,
irin wadda haƙora ke yi su kaɗai.

Wata huɗu ke nan da Rima ta hau fadama,
ta kwana uku bisa albasarsa.
Wadda ya tsamo ta ruɓe cikin rudu,
warin ya bi rigarsa har sahun masallaci.
Mai taki na jira.
Mai injin ban ruwa na jira.
Mu kuwa abu ɗaya muke miƙa masa kullum,
haƙuri, haƙuri,
kamar goron da ya bushe a aljihu.

Sai da na kwanta lissafin ya taso mini:
buhu, bashi, keke.
Mutum ba ya share ɗaki haka ƙal
sai in tashi zai yi.

Na fita, takalmi ɗaya nawa, ɗaya na Kulu.
Na same shi zaune bakin rudun da ba kome ciki,
fitilar wayarsa a kife bisa ƙasa.

An ce kada a tambaya,
wai tambaya ke shuka abin a zuciya.
Ni manomi ne.
Ba a shuka abin da ya riga ya tsiro.
Na ce, Arzika, tunanin kashe kanka kake yi?

Kwaɗi suka riƙe mana maganar, suka daɗe.
Can ya ce, tun ran da ruwa yaj janye.
Ya yi kuka irin na manya,
ba sauti, kafaɗa kawai.

Ban yi masa wa'azi ba,
shi ke jan baƙi a tafsirin unguwarmu.
Ban ce dubi ɗiyanka ba,
dubansu ne ya hana shi barci.
Na ce, ga ni, ba ni tashi.
Abin da ya tanada na ce ya ba ni, ya ba ni.
Muka jingina da zana,
yana faɗi, ina ji,
har ladan ya gyara murya.

Da na ambaci Kware ya ɗaure fuska:
ni ba mahaukaci ba ne.
Na ce, shekarar da jaki ya karya maka ƙafa
muka ɗauke ka sai gidan maɗori,
wa ya ce ka zubar da girma?

Likitar ba ta duba agogo ba.
Ta tambayi barcinsa, ta tambayi cin abincinsa,
ta kira ciwon da sunansa,
ta ce ba shi kaɗai ba ne, kuma ana warkewa.
Ta rubuta ranar dawowa, ta karɓi lambata.

Ba zan ce maka kome ya wuce ba.
Mu huɗu muka je wa mai taki,
ya yi ta mita kafin ya ce a bari sai an cire.
Akwai ranakun da Arzika ba ya amsa sallama,
sai in zauna nan ina gyara igiya har ya fito.
Wansa na kwana ɗakinsa, ni ke raka shi asibiti.

Keken ya koma zaurensa, yarona na fushi.
Buhunan ma na mayar.
Na ce, aro ne, ba kyauta ba.
In albasar bana ta nuna
ina son abina, goma sha ɗaya,
kuma kai za ka kawo su.