Kyaftin da Ba a Haifa Ba

Shekara talatin da takwas ina namiji a takarda.
Sunana Kyaftin Rex Maddern,
mai gemu, mai lofe, wanda teku ta san takunsa.
Ni kuwa Morag Tulloch,
ko jirgin fito na shiga a kogin Tay sai cikina ya juya.

Ɗakina a Dundee yana saman shagon mai kifi.
Ƙarni ya kama labule, ya kama ƙyallen tafireta,
wataƙila shi ya sa yara suka yarda da tekuna.

Mista Gillespie ya karanta mini doka ran farko,
yana kakkaɓe tokar taba daga kwat ɗinsa:
babi ashirin,
a kawar da iyaye tun shafi na uku,
kada kowa ya mutu sai mugu,
kowane babi ya ƙare yaro na reto a bakin dutse.
Fam goma sha biyu. Sa hannu nan.
Na sa.
Daga ranar ba a sake neman sunana ba.

Talata littafi, Juma'a mujallar zane.
Sai in rubuta: gida na huɗu, jirgi ya tsage,
tagwaye sun faɗa ruwa,
kalma bakwai kacal a bakin Ewan
don kada magana ta rufe haƙoran kifi.
Mai zanen yana Valencia, ban taɓa ganinsa ba.
Shekara goma sha ɗaya muna renon 'ya'ya ta gidan waya.
Ba wanda ya gaya mini rasuwarsa.
Wata Juma'a na buɗe mujalla
na ga hannayen tagwaye sun canza,
na sauka na sayi kifi, na kasa ci.

Hoton da ke bayan littafin?
Mai gadin maɗaba'a ne,
aka ara masa hula, aka ba shi kuɗin taba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
sai dai wannan gardin ko inuwa ba shi da ita.

Wasiƙu a buhu suke zuwa.
Kyaftin, da gaske kada ne ya cinye maka yatsa?
Kyaftin, babana ya tafi, ka zo ka ɗauke ni, na iya wanke bene.
Ta biyun ta kwana tara a ƙarƙashin butar shayi.
Da hagu na amsa ta,
don rubutun ya yi kama da na mai yatsa huɗu.
Na ce jirgi ya cika bana, ya riƙe mini tashar da kyau.

Na yi 'yar satata, ba zan ɓoye ba.
Karen mahaifiyata, Bracken, ya yi haushi a littafi sittin da uku.
Lambar gidanmu tana ƙofar kowane kurkuku.

Da talabijin ta kwashe yaran,
kamfani ya aiko da layi biyu da agogon sallama.
Na juya bayansa. Sunan Kyaftin aka zana.
Yana aiki har yau, ba ya latti.

Yanzu ina gidan tsofaffi, tagata na kallon gada.
Jiya mai duba ƙafafunmu, Mista Dalgleish,
furfura har gira,
ya ga tsohon littafi a kan teburina, ya ajiye almakashi.
Ya ce, na taɓa gaisawa da shi, kin sani,
a Aberdeen, ina ɗan shekara tara.
Tafinsa kamar igiyar jirgi.

Kyaftin bai taɓa zuwa Aberdeen ba.
Mai gadin ma bai wuce Perth ba.
Gaskiya ta zo har bakin haƙorana ta tsaya
tana reto.

Na ce, yatsa nawa?
Ya dubi tafinsa, ya ƙirga a hankali.
Huɗu, in ji shi.
Na miƙa masa ɗaya ƙafar.