Ƙwayar da Ta Dawo Shiru

Ɗakin gwajinmu na hawa na uku a Valparaíso,
taga na kallon teku, bango ya tsage tun girgizar ƙasa,
har yau ba a zo an liƙe ba.

Shekara goma sha tara ina zana birane
a filin da bai kai farcen jariri ba,
titunan tagulla, ƙofofi dubu ɗari
suna buɗewa suna rufewa, ba su taɓa gajiya ba.

Amma alƙalamin na haya ne.
Duk watan Maris takarda ke zuwa daga arewa,
kuɗin lasisi ya fi albashina da na Eloísa in an haɗa.
Kujera biyar aka saya, ɗalibai talatin da ɗaya,
sauran na tsaye suna leƙe ta kafaɗa.
Na sa hannu cewa zan kama bakina.
Kayan aro, an ce, bai taɓa rufe katara ba.

Daren da lasisin ya mutu
Baltasar Oyarzún na tsakiyar zanensa.
Aikin wata huɗu, a kwamfutarmu, da wutarmu,
aka hana mu buɗewa mu duba.

Ubansa masunci ne.
Abin da yaron ke nema bai da yawa:
ƙwayar silikon da za a ɗaura jikin raga
ta faɗi ɗumin ruwa, ta faɗi gishirinsa,
kada jirgi ya ƙone mai inda kifi bai zo ba.

Ximena Huenchullán ce ta ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Farfesa, akwai manhajar da ba ta da kwaɗo."
Na yi dariya. Na ce kayan kyauta, wasan yara.
Ta ce, "To, ai mu yara ne."
Ba ta ƙara ba.

Gaskiya ta gasa mana aya a hannu.
Tafiyarta irin ta tsohon keken hawa tudun unguwarmu,
ƙara, tsayawa, ƙara.
Muka aika zane masana'anta, muka ƙirga wata bakwai,
ƙwayar ta dawo a ambulan, kamar tsabar shinkafa.
Muka ba ta wuta.
Ko tari ba ta yi ba.

A da, nan zance ke ƙarewa:
ka rubuta wa kamfani, a ba ka lamba, ka yi ta jira.
Wannan karon cikin manhajar a buɗe yake.
Ximena ta sauka kamar mai yasar rijiya,
kwana tara, burodi da shayin da ya huce,
ta fito riƙe da layi guda
inda wani bawan Allah ya sa alamar ɗebewa a gurbin ta tarawa,
shekara shida ba a lura ba.

Ta gyara, ta mayar inda ta samo.
Kafin mako wata mata a Pune ta rubuto godiya,
wani a Tartu ya ce ciwon da ke cinsa ke nan.
Ba mu san fuskokinsu ba.

Ku masu riƙe da jakar jami'a,
ban ce ku jefa na haya a teku ba,
akwai aikin da har gobe sai shi.
Cewa na yi, wanda aka hana taɓa zugazugi
ɗan aike ne, ba maƙeri ba.
Ku ba yaran nan abin da za su kwance,
su ɓata, su ɗaura, su miƙa wa na gaba.

Ƙwaya ta biyu ta iso a Nuwamba.
Jiya da asuba ta turo daga teku:
sha huɗu da ɗigo biyu, ruwa ya yi sanyi.
Uban Baltasar ya ce ya riga ya sani,
gwiwarsa ta faɗa masa tun dare.
Amma bai kwance ta daga ragar ba.