Rajistar Maigadi

Shekara goma sha ɗaya ina ƙofar nan ta Harobanda,
da tocila, da sanda, da rajista mai layi uku:
suna, awar fita, awar shiga.
Ba a bar mini layin rubuta fuska ba.

Nomau ɗan Buza ya zo da akwatin ƙarfe,
da rabin buhun gero, da dariya mai giɓi.
Ubansa ya ga kaki, ya ɗauka ni ne babba,
ya kama hannuna da hannu biyu: "Ga amana."
Na ce to.
Me zan ce?

Bursi ta yi wata biyar ba ta sauko ba.
Ɗakin mutum biyu, su bakwai ke numfashi ciki.
Ya bar zuwa layin abinci,
ya bar ƙwallo, ya bar aski,
sai ƙarfe biyun dare ya fito ba takalmi
ya tafi gada kallon ruwa.
Na rubuta: fita, biyu. Shiga, huɗu.
Rubutuna ba kuskure.

Likitan ɗalibai ya auna shi, ba zazzaɓi,
ya ba shi ƙwaya shida ta ciwon kai.
Malaminsa ya ce, "Ɗari takwas gare ni a zaure,
wanne zan gani?"
Mai ofis ya ce, "Ilimi muka yi alkawari,
ba mu haife su ba."
Duk cikinsu ban ji maƙaryaci ba.
Amma tulun da kowa ya ce ba shi ya ɗauko ba,
in ya fashe, ƙafar kowa yake jiƙawa.

Daren Laraba na bar ƙofa ba kowa,
laifin da ake korar mutum a kansa.
Na same shi ya jingina da ƙarfen gada.
Ban san boko ba. Na ce, "Shayina ya yi yawa,
zo ka taya ni."
Ya daɗe.
Sannan ya biyo ni kamar mai bin jana'iza.

Mun sha na fari, mun sha na biyu,
a na uku ya ce, "Baba, na gaji,
kuma gida sun sayar da sa saboda ni."

Da safe shugaba ya duba rajista,
ya ce daren jiya ba cikakke ba ne:
akwai fita, babu shiga.

Na manta ban rubuta ba.
Hannuna na riƙe da nasa.